Wa Ya Cinye Juma'arta?

A arewacin birnin Riyad, can wajen hanyar filin jirgin Sarki Khalid, akwai wata baiwar Allah mutuniyar Kano da ke aikatau a wani gida mai hawa uku. Ba za a kama sunanta ba, domin irinta suna da yawa, kuma duk wadda ta ji labarin za ta rantse nata aka ɗauko. Mu kira ta uwar marayu, tunda haka mutanen unguwarsu ta Kurna suka koma kiranta bayan mijinta ya rasu ya bar mata yara uku da bashin asibiti.

Da ta fita takaba ba ta zauna ba. Ta soya awara, ta yi ɗanwake, ta karɓi wankau. Sai aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, naira ta zube, kwanon waken suya ya fi ƙarfin jarinta. A wannan tsakanin ne wata maƙwabciya ta haɗa ta da ejan. Ejan ya ce aikin gida ne kawai na shekara biyu, ga sanyin na'ura, ga abinci har ta ture, ga Ɗakin Allah kusa. Ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnen aurenta ta cika kuɗi. Daren da za ta tashi ta je gidan babban wansu, ta durƙusa.

"Yaya, ga amanar yara. Duk abin da na samu hannunka zai zo. Abu ɗaya nake roƙo, kada Uwata ta bar makaranta."

Uwata ita ce 'yar farinta, mai sunan mahaifiyarsu, shekararta goma sha biyu. Yaya ya ce, "Haba, ai 'ya'yana ne. Je ki, Allah ya tsare hanya."

Hanyar gabas ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Kakanni sun taka ta da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur, wasu su shekara bakwai kafin su ga Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a da yawa sun bi wannan hanya, wasu suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, wasu suka kai Hijaz, jikokinsu na nan har yau a Makka da Madina da Jidda. Su neman lahira ya fitar da su. Ita kuwa kuɗin makarantar yara ya fitar da ita, kuma jirgi ya sauke ta a Riyad, inda tsakaninta da Makka ya haura kilomita 800.

Tun a filin jirgi kafil, wato mai gidan da ya ɗauko ta aiki, ya karɓi fasfonta ya sa a aljihu. Aka nuna mata ɗakinta a saman bene, kusa da injin wanki. Aka ce mai gida Baba za ta riƙa ce masa, uwar gida kuma Mama. Daga ranar kwanakinta suka zama iri ɗaya.

Kafin kiran asuba ta tashi ta ɗora gahawa, ta jera dabino. Ta tashi yara huɗu, ta shirya su, ta haɗa musu abin tafiya makaranta. Ta share falon maza, ta share falon mata, ta goge bene hawa uku, ta wanke banɗaki shida. Ƙurar Riyad ba ta san an share jiya ba, kullum sabuwa take shigowa. Kafin azahar ta ɗora shinkafar kabsa da kaza. Bayan an ci ta wanke tukwane, ta koma kan guga: fararen jallabiyoyin Baba da na samarin gida, waɗanda ba a sa ɗaya sau biyu. Da rani, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ita ce a tsakar gida tana wanke daɓe. La'asar ta tsohuwar gidan ce, uwar Baba, wadda sai an ɗaga ta an kwantar. Mutanen Riyad kuma ba sa cin abincin dare da wuri. Sai goma ta wuce ake shimfiɗa leda, baƙi su watse sha biyu, ita ta gama da kwanuka ƙarfe ɗaya. In azumi ya zo, daga buɗa-baki har sahur wuta ba ta mutuwa a kicin.

Mama ba muguwa ba ce. Tana ba ta tufafi, ba ta taɓa ɗaga mata hannu ba, albashi kuma yana zuwa. Ma'aikaciya ce, tana tuƙa motarta da kanta tun da aka ba mata izinin tuƙi a watan Yunin 2018, tana cikin dubban matan Saudiyya da suka fita aiki a shekarun nan. Gari ya buɗe musu. An dawo da gidajen sinima a 2018, an fara bikin shaƙatawa na Riyad a 2019, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara gudu a ƙarshen 2024. Daren Alhamis iyali su tafi Boulevard, da sanyi su fita sahara wajen Sumama su kafa tanti. Uwar marayu ma ana zuwa da ita, goye da jariri, riƙe da jakar madara. Dogon benen Mamlaka ta gilashin mota ta san shi. Duk sa'ar da Mama ta samu ta zama da ƙawaye, ko motsa jiki, ko karatun ƙarin digiri, daga cikin sa'o'in uwar marayu aka yanko ta.

Dokar ƙasar ba ta yi shiru a kan wannan ba. A 2013 ta ce mai aikin gida na da hutun sa'a 9 a kowace rana, da yini guda a mako, da wata guda bayan shekara biyu. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a watan Oktoban 2024 ta ƙara da cewa kada aiki ya wuce sa'a 10 a rana, kuma kada a ɗauki wanda bai kai shekara 21 ba. Akwai gidajen da ke bin wannan, Allah ya saka musu. Amma ma'aikatan gida a Saudiyya sun haura miliyan 3, kowane a bayan katangarsa, kuma mai duba aiki ba ya shiga kicin ɗin mutane. Da aka sassauta tsarin kafala a watan Maris na 2021, har ma'aikaci ya samu damar sauya wurin aiki, ba a sa masu aikin gida a ciki ba. Igamarta, wato takardar izinin zamanta, a hannun kafil take. In ta fita ba izini ya kai ƙara cewa ta gudu, tana iya zama mai laifi, sai tarhil, wato gidan masu jiran kora, sai gida hannu rabbana. Sau ɗaya ta tambayi Mama zancen hutun Juma'a. Mama ta yi mamaki ƙwarai, ta ce, "To ina za ki je? Wa kika sani a garin nan?" Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce a ranta, in dai Uwata na zaune a aji, ni na yafe Juma'a.

A Kano kuwa suna ya sauya. An daina cewa uwar marayu, an koma Hajiya, alhali ko Ka'aba ba ta gani ba. Duk ƙarshen wata riyal ya zama naira ya faɗo wayar Yaya. Yaya ya gyara rufin ɗaki, wannan daidai ne. Ya sayi babur ya ba wani yaro yana kawo balas. Daga nan ya ga zaman kasuwar Kwari, inda yake tsaron shagon wani, ya fara yi masa nauyi. Hantsi ya same shi a teburin mai shayi, la'asar a majalisa ana muhawarar siyasa, dare a gidan kallon ƙwallo. Yana son ƙungiyar Al-Nassr ta Riyad tun zamanin da Ahmed Musa ya buga mata daga 2018 zuwa 2020, da Ronaldo ya koma can a farkon 2023 kuwa sai abin ya zama ciwo. Har saƙon murya ya aika wa ƙanwarsa: "Hajiya, ke da kike garin, kin taɓa shiga filin kuwa? Ku dai kuna hutawa." Wani lokaci kuma ƙorafi yake: "Na kira sau uku ba ki ɗauka ba. Ko an fara raina mu ne?" Wayar tana ƙarƙashin matashi a saman bene, mai ita tana ƙasa tana kankare tukunya.

Aikin da uwa ta bari bai bi ta Riyad ba, yana nan Kurna yana jiran mai yi. Matar Yaya na da goyo, ga nata yaran, ga marayu uku an ƙaro mata. Ita ma ba hutu take ba, sai ta sauke nauyin a kan wadda ta fi kusa da hannu. Uwata ta zama mai sharar safe, mai layin tuƙa-tuƙa, mai wanke-wanke, mai kai niƙa, mai raino. Ɗan Yaya sa'anta ne, aji ɗaya suke. Shi in ya dawo ya ajiye jaka, ya ci abinci, ya ɗauki ƙwallo sai magariba. Ba wanda ya ga laifinsa, ba wanda kuma ya ga an zalunce ta. Haka aka tashi aka gani. Ƙididdigar UNICEF ta 2016 ta nuna 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 a duniya suna kashe sa'a miliyan 160 kowace rana a aikin gida fiye da takwarorinsu maza, kuma mata da 'yan mata na ɓatar da sa'a miliyan 200 kullum wajen ɗebo ruwa kaɗai. Sa'o'in Uwata na cikin wannan lissafi. Ta fara makara, ta fara gyangyaɗi a aji, haddarta ta Islamiyya ta tsaya cak. Da farin wata, in ta jiyo 'yan mata na gaɗa a dandali, hannunta na cikin ruwan kumfa.

Da sakamakon jarabawa ya fito ba kyau, Yaya ya girgiza kai. "Yarinyar nan ba ta da kan boko. Gara ta koyi abin da zai amfane ta a gidan miji." Akwai wata dillaliya da ke kai yara aikatau gidajen masu hali. Ta ce akwai wata Hajiya a Nassarawa mai neman yarinya mai natsuwa, za a riƙa biya duk wata, kuɗin a tara mata na kayan ɗaki. Aka haɗa wa Uwata kaya a leda. Ba a gaya wa uwarta ba, wai kada hankalinta ya tashi a ƙasar mutane.

Hajiyar Nassarawa mace ce mai ilimi da son jama'a. Tana cikin ƙungiyar mata masu tallafa wa marayu, da azumi tana raba hatsi. 'Ya'yanta mata biyu suna makarantar kuɗi, da yamma malami ya zo ya yi musu darasi, Asabar su je koyon kwamfuta. Uwata ke wanke kayan makarantarsu, ita ke goge takalmansu, ita ke kwana a tabarma a lungun kicin. Ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya.

Wani dare ƙawayen Hajiya suka zo. Ɗaya ta buɗe waya ta nuna musu bidiyon wata 'yar Najeriya a ƙasar Larabawa tana kuka, tana cewa shekara guda ba ta huta ko yini ɗaya ba, a taimaka a dawo da ita. Falo ya ɗauki salati. Hajiya ta share hawaye da gefen mayafi.

"Wannan wane irin rashin imani ne? Mutum ɗan'uwanka, ba Juma'a ba Asabar? Wallahi ya kamata hukumar hana safarar mutane ta NAPTIP ta shiga maganar nan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Hawayenta na gaskiya ne, ba na ganin ido ba. Sai dai laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Agogo ya kusa sha ɗaya, ta ɗaga murya: "Ke yarinya! Kawo zoɓo, ki zo ki kwashe kwanukan nan." Yarinyar da ta shigo da tire, uwarta na can Riyad, kuma ita ma tun da ta zo gidan ba ta ga Juma'a ba.

Riyad na gaban Kano da sa'a biyu. A daren, ƙarfe ɗaya agogon can, uwar marayu ta gama aiki ta hau bene. Kwana biyu gabanta na faɗuwa, domin duk sanda ta ce a ba ta Uwata sai a ce ta yi barci, ko an aike ta. Ta matsa wa matar Yaya har ta ba ta wata lamba, ta mai gadin gidan Hajiya. Mai gadi ya kai wa yarinya waya ta ƙofar baya.

"Uwata, kina lafiya? Ya makaranta?"

Shiru.

"Ba ki ji ni ba? Aji nawa kuke yanzu?"

"Umma, ina zuwa, bari in rufe famfo."

Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta ji ƙarar ruwa a kan tangaran, ta ji cokula na karo, ta ji yadda yarinya ke magana ƙasa-ƙasa irin ta mai tsoron kada uwar ɗaki ta ji. Wannan sauti ta fi kowa saninsa. Yanzun nan ta baro shi a ƙasan bene. Ta tsallaka teku ta sayar da dare da ranarta don 'yarta ta samu lokacin zama da littafi, ashe an karɓi kuɗin, an kuma sayar da lokacin yarinyar a karo na biyu.

Ba ta yi barci ba. Da asuba, kafin ta ɗora gahawa, ta danna waya ta yi wa wanta saƙo. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, ina kwana, ya iyali. Ba lissafin kuɗi na zo nema ba, abin da ka ci halal ne, kai uba ne a gare mu. Tambaya ce da ni. Wata ashirin ke nan ban zauna na ci abinci da zafinsa ba. Ban je Umra ba, ban je sallar Idi ba, ban yi barcin rana ba. Duk wannan hutun da ban yi ba, na san bai zube a ƙasa ba, wani ne ya yi shi. Na ɗauka Uwata ce. To tunda ba ita ba ce, don Allah Yaya ka duba mini, wa ya cinye shi?"

Saƙon ya iso Yaya yana teburin mai shayi. Ya zaci labarin kuɗi ne, sai ya buɗe shi a fili, kowa ya ji. Ba wanda ya yi dariya. Mai faci ya sunkuyar da kai, domin 'yarsa na tallan goro a tashar mota tun safe. Malamin makarantar da ke gefe ya tuna matarsa, wadda ke koyarwa kamar shi, albashi ɗaya, amma in sun dawo shi ya miƙe a tabarma ita ta shiga hayaƙi. Direban wani Alhaji ya tuna yarinyar da shi da kansa ya ɗauko daga ƙauyensu ya kai gidan maigidansa. Wani dattijo da ke jan carbi ya dubi Yaya ya ce, "Kada ka ji kunya kai kaɗai. Ba da kai kaɗai take ba." Yaya bai shanye shayinsa ba. Ya karɓi babur a hannun yaronsa ya nufi Nassarawa.

Ko ya dawo da ita makaranta, shekarar da ta wuce ta wuce. Kuɗi in ya ɓata ana iya mayar da shi; ƙuruciyar yarinya ba a biyan ta.

Hutu a cikin gida ruwan randa ne: duk wanda ya kamfata ya sha, wani ne ya ɗebo. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta auna a 2018 ta ga kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya mata ne ke yin sa, sa'a 4 da minti 25 a rana, maza kuma sa'a 1 da minti 23. Mai hali tana saye wa kanta sauƙi, da injin wanki, da gas, da 'yar aiki. Matalauciya ba ta da wanda za ta miƙa wa sai 'yarta. A Najeriya, inda hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, nauyin yana gangarowa ne har ya tsaya a kan mafi ƙanƙanta, kuma kusan kullum mace ce. Ita ce ba ta da lokacin karatu, ba ta da lokacin zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da ita, ba ta da lokacin koyon sana'ar da za ta fitar da ita. Talauci ya hana ta lokaci, rashin lokaci ya ɗaure ta a cikin talauci.

Mu ma muna da dokoki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Kafin su duka akwai abin da muke karantarwa a Islamiyya: Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara goma ba a taɓa tsawata masa ba, kuma an hore mu kada mu ɗora wa na ƙarƙashinmu abin da ya fi ƙarfinsu, in mun ɗora mu kama musu. Abin da muke nema wa 'yan'uwanmu a gidajen Riyad, yini guda a mako, barci isasshe, waya a hannu, shekarun da suka kai na aiki, gaskiya ne, kuma a ci gaba da nema da babbar murya. Amma mai neman wannan a ƙasar wani ya kamata a same shi a gidansa.

Ba a kama sunan kowa ba. Kowa dai ya san wadda ke fara tashi a gidansa da wadda ke ƙarshen kwanciya, ya san shekarunta, ya san rabonta da aji. Ɗa namiji ba ya karyewa don ya ɗebo ruwa ko ya wanke kwanon da ya ci. Maigida ba ya raguwa don ya riƙe jariri sa'a guda. Kuɗin da mace ta aiko daga aikatau da sunan makaranta amana ne, a kai shi makaranta. Yarinyar da ba ta isa aiki ba a mayar da ita aji, wadda ta isa a ba ta ranarta ta je ta ga uwarta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ranar da za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo, har da sa'o'in waɗannan bayin Allah a cikin lissafi.